Kama da Wane Ba Ta Wane: Ɓeran Ɗakin Bincike da Cutar Huntington

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani irin labari da ya zama ruwan dare a jaridu da gidajen rediyo, wanda da wuya wata ya wuce ba a kawo mana irinsa ba: wai masana a ƙasa kaza sun warkar da wata muguwar cuta a jikin ɓeraye, saboda haka an kusa samun maganinta. Masu sauraro sukan rabu gida biyu. Waɗansu su yi murna har su kai wa majinyacinsu albishir, waɗansu kuwa su yi tsaki su ce ina ruwan ɓera da ciwon ɗan Adam, wannan ai azabtar da dabba ne kurum. Mu a namu ganin duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Dabbar gwaji shaida ce mai amfani ƙwarai, amma iyakar abin da ta gani za ta faɗa, kuma aikin mai ilmi ne ya san inda shaidarta ta tsaya. Domin mu kafa hujja za mu ɗauki cuta guda wadda tarihin bincikenta yake rubuce filla-filla, watau cutar Huntington.

Sunan cutar ya samo asali ne daga wani likita ɗan Amurka, George Huntington, wanda ya bayyana ta a rubuce cikin 1872 yana da shekara 22 da haihuwa, watau sa'an yawancinmu ne. Abin da ya taimake shi shi ne mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne a gari ɗaya, sun daɗe suna lura da waɗansu iyalai da ciwon ke bi daga kaka zuwa jika. Yadda cutar take shi ne, mutum zai tashi lafiya ƙalau, ya yi aure, ya hayayyafa, sai ya kai tsakanin shekara 30 da 50, sa'an nan gaɓoɓinsa su soma fizga da murɗewa ba da nufinsa ba, kamar mai taka rawar da ba ya jin kiɗanta. Sannu a hankali tafiya ta gagara, magana ta sarƙe, haɗiyar abinci ta zama wahala, hali ya sauya, tunani ya raunana. Galibi bayan shekara 15 zuwa 20 da somawarta sai ta kai shi kushewa. Idan uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin gado da tsira, rabi da rabi, kamar an jefa kwabo sama. Akwai magungunan da ke rage fizgar gaɓoɓi, irin su tetarabenazin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikin 2008, amma ba su hana ƙwaƙwalwa ci gaba da lalacewa.

An shekara fiye da ɗari ana kallon cutar ba a san tushenta ba. Waɗanda suka buɗe ƙofar su ne waɗansu masunta matalauta mazauna bakin tafkin Marakaibo na ƙasar Benezuwela, inda cutar ta yi katutu. Wani likitan ƙasar, Américo Negrette, shi ya fara jawo hankali gare su cikin shekarun 1950. Daga baya wata masaniya Ba'amurkiya, Nancy Wexler, wadda cutar ta kama mahaifiyarta, ta riƙa zuwa wurinsu tun daga 1979 tana rubuta salsalarsu tana karɓar jininsu, har salsalar ta ƙunshi mutum fiye da 18,000. Da taimakon wannan jini ne aka gano cikin 1983 cewa aibin yana kan kuromosom na 4, sa'an nan cikin 1993 aka kama ita kanta ƙwayar gadon. Abin da aka tarar kuwa shi ne, a cikin rubutun DNA na wannan ƙwayar gado akwai haruffa uku, C da A da G, waɗanda ke maimaituwa a jere kamar in'ina. Mai lafiya yakan sami maimaici 26 ko ƙasa da haka. Wanda nasa ya kai 40 kuwa, in ya yi tsawon rai, cutar za ta same shi. Daɗin daɗawa, gwargwadon yawan maimaicin gwargwadon saurin bayyanar cutar, har wanda nasa ya haura 60 tana iya kama shi tun yana yaro ko saurayi. Irin wannan in'ina ta CAG ita ce kuma tushen waɗansu cututtukan gado masu sa tangaɗi, waɗanda Harry Orr da Huda Zoghbi suka gano ƙwayar gadon ɗaya daga cikinsu a wannan shekara ta 1993.

To, an san ƙwayar gadon. Amma ta yaya ƙarin haruffa ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma me ya sa ake shekara arba'in kafin ɓarnar ta fito fili? Nan ne bincike ya ci karo da katanga. Ba a buɗe kan mai rai a yanki ƙwaƙwalwarsa don a ga abin da ke gudana ciki, in kuwa aka jira sai ya rasu, abin da za a tarar toka ce bayan gobara, wadda ba za ta nuna inda wutar ta tashi ba. Haka kuma babu likita mai hankali da zai ɗauki maganin da ba a taɓa sa shi a jikin wani mai rai ba ya ɗura wa mutum a laka. Duk wanda ya ce a bar dabbobi kwata-kwata, ya zama wajibi a kansa ya gaya wa iyalan masu cutar ta wace hanya zai amsa waɗannan tambayoyi.

Cikin 1996 wata masaniya a asibitin Guy's na birnin Landan, Gillian Bates, da abokan aikinta suka sanar da cewa sun dasa guntun ƙwayar gadon mutum mai maimaici kusan 150 a cikin ɓera, aka sa wa zuriyar suna R6/2. Ɓerayen sukan taso kamar sauran 'yan'uwansu, sa'an nan bayan 'yan makonni su soma karkarwa da tangaɗi da ramewa, su mutu suna da wata uku ko kusa da haka. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu da madubin ƙara girma sai aka ga furotin ɗin da ƙwayar gadon ke ƙerawa, wanda ake kira hantintin, ya dunƙule ya yi curi-curi a tsakiyar ƙwayoyin jijiya. Masana suka koma kan ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kashe, suka tarar da curin yana nan. An buga sakamakon binciken biyu cikin 1997. Watau ɓera ne ya nuna wa likita inda zai duba.

Ba wannan kaɗai ɓera ya koyar ba. Tun cikin 1995 an gano cewa in aka cire ƙwayar gadon ɗungurungum daga ɓera, ɗan tayin yakan mutu tun a ciki, abin da ya nuna cewa lafiyayyen hantintin yana da aikin da jiki ba ya iya yi sai da shi. Cikin 2000 kuma masana a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyu Yok suka ƙera ɓeran da ake iya kunna masa gurɓatacciyar ƙwayar gadon a kuma kashe ta da wani magani. Suka bar ta a kunne har cutar ta bayyana, sa'an nan suka kashe ta. Curin ya ɓace, motsin ɓeran ya gyaru. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwar da ta soma lalacewa tana iya farfaɗowa in aka toshe mafarin dafin, kuma a kansa aka gina yawancin ƙoƙarin neman magani da ya biyo baya. Babu yadda za a yi wannan gwaji a jikin mutum. Wanda ya raina ɓera, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Sai dai mu juya ga masu kai albishir. An ba ɓeran R6/2 maganin minosaikilin, ya ƙara kwana; an ba shi kiriyatin, ya ƙara kwana; an ba shi ko'enzayim Q10, nan ma ya ƙara kwana. Aka kai minosaikilin ga mutane, sakamakon da ya fito cikin 2010 ya nuna babu dalilin ci gaba da shi. Aka gwada kiriyatin a kan majinyata fiye da 500, ko'enzayim Q10 a kan fiye da 600, aka shafe shekaru, aka kashe dukiya mai yawa, daga ƙarshe aka tsayar da gwaje-gwajen biyu cikin 2014 saboda ba su amfana komai ba. Ko shakka babu, a bayan waɗannan alƙaluma akwai iyalai da suka sa rai suka kuma yanke ƙauna.

Me ya kawo haka? Dalilan ba a ɓoye suke ba. Na farko, ƙwayar gadon mutum tana da sassa 67, ɓeran R6/2 kuwa sashe na farko kaɗai yake ɗauke da shi, kuma da maimaici kusan 150, alhali kuwa yawancin majinyata nasu tsakanin 40 da 50 ne. An ƙara wa ɓeran dafi ne da gangan domin cutar ta bayyana kafin ya tsufa. Na biyu, Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to ɓera kuwa duka-duka shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya; cutar da ke cin mutum a ɓoye shekara da shekaru an matse ta cikin makonni goma sha biyu. Na uku, ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, ta mutum kuwa ta haura giram 1,300, saboda haka maganin da zai game kan ɓera cikin sauƙi yana iya tsayawa a bakin ƙofa a kan mutum. Na huɗu, ɓerayen gwaji zuriya ɗaya ce da aka daɗe ana barbara tsakaninsu har suka zama kamar tagwaye, abincinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, mutane kuwa kowa da nasa gadon da tasa rayuwar. Na biyar, kuma wannan laifin masu binciken ne da kansu, sau da yawa akan soma ba ɓera magani tun kafin cutar ta bayyana, akan yi gwajin da ɓeraye 'yan kaɗan, mai aunawa ya san wanne aka ba magani wanne ba a ba ba, sa'an nan a buga gwajin da ya yi kyau a bar wanda bai yi ba cikin aljihun tebur. A duk waɗannan ɓera bai yi ƙarya ba. An yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa ne, aka kuma ƙara wa amsarsa gishiri.

Labarin maganin tominersen ya fi kowanne zama darasi, domin shi a kan tushen cutar aka gina shi. Cikin 2012 masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka nuna cewa wani ɗan guntun sinadari mai hana ƙwayar jiki ƙera hantintin yana sauƙaƙa cutar a ɓeraye. Cikin 2015 aka soma gwada irinsa a kan mutum 46, ana yi musu allurarsa a ruwan laka, aka ga gurɓataccen furotin ya ragu a jikinsu. Duniyar masu cutar ta cika da murna. Kamfanin Roche ya ɗauki babban gwaji mai majinyata kusan 800, amma cikin watan Maris na 2021 aka dakatar da allurar, domin waɗanda suka fi samun ta a kai a kai sun fi waɗanda ba a ba su maganin ba taɓarɓarewa. Shi wannan magani yana rage gurɓataccen hantintin da lafiyayyen gaba ɗaya, kuma wannan na cikin abubuwan da masana ke tuhuma, tare da yawan abin da aka bayar da kuma nisan da cutar ta riga ta yi a jikin majinyatan. Ɓera ya faɗi gaskiya da ya ce ana iya rage furotin ɗin. Nawa za a rage, a wane lokaci, a jikin wa, wannan sai mutum ne zai iya amsawa.

Saboda haka hikimar da masana suka koya ita ce, kowace tambaya da dabbarta. In ana son a tace ɗaruruwan ƙwayoyin gado a ga wacce ke tsananta dafin wacce ke rage shi, ƙudan 'ya'yan itace ya fi dacewa, domin cikin kwana goma yake kawo sabuwar zuriya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta ga mutum suna da takwarorinsu a jikinsa. Tun cikin 1998 aka nuna cewa guntun gurɓataccen hantintin yana lalata ƙwayoyin idonsa. In ana son a ga farkon cutar a dabba mai tsawon rai da babbar ƙwaƙwalwa, ga tumakin da masanan Jami'ar Okland ta Niyu Zilan suka bayyana cikin 2010, masu maimaici 73, waɗanda ake kiwo a kudancin Ostareliya. Sun yi shekaru suna kiwo kamar kowace tunkiya, amma an ga tsarin barcinsu da farkawarsu ya rikice tun da wuri, kamar yadda ake gani ga majinyata. Cikin 2018 masana a ƙasar Sin suka samar da aladen da ƙwayoyin jijiya ke mutuwa a sashen ƙwaƙwalwarsa da cutar ta fi ci a jikin mutum. An gwada birai ma a Amurka cikin 2008, waɗansunsu suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa.

Amfanin babbar dabba ya fito fili a kan maganin AMT-130 na kamfanin uniQure, wanda ake zuba shi can cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata mai tsawon sa'o'i. Kafin a kai shi ga mutum, sai da aka gwada shi a kan ƙananan aladu masu ɗauke da cutar a ƙasar Cak, domin a ga iyakar inda yake bazuwa. Cikin watan Satumba na 2025 kamfanin ya sanar da cewa maganin ya rage saurin cutar da kashi 75 cikin ɗari a tsawon shekara uku. Labari ne mai daɗi, amma ɗalibi na ƙwarai zai lura cewa wannan lissafi a kan mutum 12 aka yi shi, kuma an kwatanta su ne da bayanan waɗansu majinyata da ba su cikin gwajin.

Akwai kuma inda ɓera da mutum suka gaskata juna. Tun wajen 1999 da 2000 an ga a jikin ɓeraye cewa maimaicin CAG yana ƙara tsawo a ƙwaƙwalwa yayin da dabbar ke tsufa, kuma sinadaran da ke gyaran DNA suna da hannu a ciki. Cikin 2015 binciken da aka yi a kan jinin dubban majinyata ya nuna cewa ƙwayoyin gado na gyaran DNA suna cikin masu gaggauta cutar ko jinkirta ta. Cikin 2025 kuma masana a Amurka, da suka auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da mamata suka yi wasiyyar a ba masu bincike, suka bayyana cewa maimaicin yana yin shekaru yana ƙaruwa ba tare da cutarwa ba, sai ya kai wajen 150 sa'an nan ƙwayar ta soma lalacewa. Shaida biyu sun haɗu a kan magana ɗaya, kuma irin wannan ce hankali ke kwanciya da ita.

Masu tausayin dabba kuwa ba mu watsar da maganarsu ba. Ɓeran R6/2 yana shan wuya, kuma mutum ne ya ƙera shi domin ya sha wuyar. Wannan bashi ne a wuyan mai bincike. Tun cikin 1959 waɗansu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idodi uku waɗanda hukumomin bincike suka runguma: a musanya dabba da wata hanya duk inda ya yiwu, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma kyautata hanyar gwajin domin a rage azaba. Yau ana iya ɗaukar ƙwayar fata ko ta jinin majinyaci a mai da ita ƙwayar jijiya a cikin faranti, kuma cikin Disamba 2022 Amurka ta soke dokar da ta tilasta gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin mutum. Amma ƙwayar da ke cikin faranti ba ta tafiya balle ta yi tangaɗi, ba ta barci balle barcinta ya rikice. Abin da muke cewa shi ne, gwajin da aka tsara shi da sakaci zalunci ne sau biyu: an kashe dabba a banza, an kuma yaudari majinyaci. Tausayi da ingancin bincike hanyarsu ɗaya.

Wani zai ce, mu a nan ina ruwanmu da cutar Turawa? An daɗe ana zaton ba ta da yawa a Afirka, amma inda ba a gwaji ba a ganin komai, kuma mun san yadda ake saurin danganta fizgar gaɓoɓi da sauyin hali ga iska ko sammu. A Bamako ta ƙasar Mali, likitoci ƙarƙashin jagorancin Guida Landouré sun tabbatar da cutar a waɗansu iyalai ta hanyar gwajin jini. Bugu da ƙari, cikin 2001 aka gano wata cuta mai kama da ita sak, ana kiranta HDL2, wadda ƙwayar gadonta ke kan kuromosom na 16, kuma kusan duk waɗanda aka samu da ita masu asali da Afirka ne. Binciken Amanda Krause a Johannesbag ya nuna ita ce ke damun kaso mai yawa na baƙar fatar Afirka ta Kudu da aka zaci Huntington gare su. An yi ɓeranta cikin 2011 a Amurka, amma binciken da ake yi a kanta bai kama ƙafar na takwararta ba, kuma maganin da aka ƙera don rage hantintin ba da ita aka nufe shi ba. Idan muka naɗe hannu, za a ci gaba da ƙera dabbobin gwaji domin amsa tambayoyin waɗansu. Aikin kuwa bai fi ƙarfinmu ba: ƙuda ba ya bukatar wani tsadadden abinci, Farfesa Amos Abolaji ya daɗe yana horar da ɗalibai a kan bincike da shi a Jami'ar Ibadan, kuma cikin 2021 Dokta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

A ƙarshe, ga abin da muke roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman na sashen likitanci da na dabbobi da na aikin jarida. Duk lokacin da aka kawo muku labarin an warkar da cuta a jikin ɓera, ku tambaya: wane irin ɓera ne, kuma wane ɓangare na cutar yake ɗauke da shi? Nawa aka gwada? An ba su maganin kafin ciwon ya bayyana ne ko bayan ya bayyana? An maimaita gwajin a wata dabbar dabam? Masu shiga ɗakin bincike kuma, kada ku taɓa dabba sai kun iya faɗin tambayar da kuke so ta amsa da dalilin da ya sa faranti ba zai amsa ta ba. Waɗanda za su zama likitoci, in kun ga mai fizgar gaɓoɓi ku tambayi labarin iyayensa da kakanninsa, ku rubuta, kamar yadda saurayin nan ɗan shekara 22 ya yi cikin 1872. Ɓera ya sauke nasa nauyin, ya nuna curin furotin, ya nuna ana iya juya ɓarna baya. Auna shaidarsa da gaskiya, da faɗa wa majinyaci iyakarta ba ƙari ba ragi, wannan aikinmu ne.